Darasi na 9: Jinyar Tsoho a Gida da Kula da Mai Jinya

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. Bayyana wane ne mai jinya da irin nauyin da ke kansa.
2. Gane alamun shanyewar ɓarin jiki da abin da ake yi nan take.
3. Kare tsohon da ke kwance daga gyambon kwanciya.
4. Bambance gigin tsufa da rikicewar da ke zuwa farat ɗaya.
5. Tsara rabon aiki da rabon kuɗi tsakanin 'yan'uwa.

1. Wane ne mai jinya?

A gidajenmu, inda tsoho ya haifi 'ya'yansa nan yake ƙarasa kwanakinsa, ko kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan ya ɗauke shi ya koma da shi wurinsa. Addini ya ɗora mana wannan nauyi, ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i a kan iyayen da tsufa ya riska a hannun 'ya'yansu suke magana. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, ko 'ya'yan sun kai goma, yawanci a kan mutum ɗaya aikin yake ƙarewa. Sau da yawa mace ce: 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar babban ɗa, ko jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta har Inna ta samu sauƙi.

Ku tuna yadda muke shiga dubiya. A yi sallama, a ce, "Yaya mai jiki?" A amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." A ajiye ledar lemo da ayaba, a yi addu'a, a ce, "Allah ya ba da ladan jinya," a tashi. Wadda ta amsa gaisuwar ta yiwu kwananta uku ba ta yi barcin kirki ba, amma da wuya ka ji wanda ya ce mata, "Ke fa, yaya naki jikin?" Wannan darasi domin ita aka rubuta shi, da kuma waɗanda ya kamata su kama mata.

> AKWATIN KALMOMI
> Mai jiki: tsoho ko tsohuwar da ake kula da su saboda ciwo ko raunin tsufa.
> Mai jinya: a wannan darasi, ɗan gida ko 'yar gida mai ɗawainiyar mai jiki kullum, wato wanka, ciyarwa, ba da magani da kai wa asibiti, ba tare da albashi ba.

2. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki

Tsofaffi da yawa da ke kwance a gidajenmu hawan jini ne ya kwantar da su. Ciwo ne mai ɓoye kansa, mutum yakan yi shekaru da shi yana zuwa kasuwa yana dawowa bai sani ba. Awo kaɗai ke nuna shi. Na'urar awo tana ba da lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka ga ta sama ta kai 140 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce, to akwai hawan jini.

Maganinsa ba a daina sha don an ji sauƙi. Sauƙin da aka ji aikin maganin ne, ranar da aka ajiye shi jini ya fara komawa sama. A rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen ɗanɗano na miya da kanwa suna cikin lissafin. A kuma raba tsoho da ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake saya a hannun masu talla, irin su diclofenac da ibuprofen, domin suna iya hawar da jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki.

> AKWATIN KALMOMI
> Shanyewar ɓarin jiki: ciwon da ke faruwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sai sashen jikin da wannan wuri yake sarrafawa ya daina aiki.

Alamunsa sukan zo lokaci guda: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe. Ku ce da mutum ya yi murmushi, ya ɗaga hannayensa biyu, ya faɗi sunansa. Idan ɗaya ya gagara, sai asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kuma ku riƙe lokacin da abin ya fara domin likita zai tambaya. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko ƙwaya a baki, haɗiyarsa ta yiwu ta samu matsala, abin ya wuce huhu. A yi ta addu'a a cikin mota ana tafiya.

*Misali:* Wani gida sun sayi littafin rubutu na 'yan firamare suka ajiye kusa da gadon Baba. Kowane shafi rana ɗaya. Ana rubuta awon jini, da maganin da aka ba shi da lokacinsa, da abin da ya ci, da ko ya yi bayan gida. Ranar da mai jinya ta tafi biki, ƙanenta ya buɗe littafin ya ga an riga an ba da ƙwayar safe, bai sake bayarwa ba. Ranar asibiti kuma littafin suka miƙa wa likita tare da kati.

3. Gyambon kwanciya

A nan zan daɗe, domin wannan abu ya same ni a gida. Mahaifina ya kwanta bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muna ba shi abinci, muna ba shi magani a kan lokaci, muna ganin mun yi duk abin da ya kamata. Wata safiya ina sauya masa riga sai na ga wani wuri a ƙasan gadon bayansa, faɗinsa kamar bakin kofin shayi, ya fi sauran fatar duhu, yana ƙyalli, na taɓa na ji ya fi ko'ina ɗumi. Na ɗauka zafin katifa ne, na shafa masa mai na rufe. Bayan kwana kaɗan wurin ya buɗe. Mun yi watanni muna wanke wannan gyambo, shi kuma yana cije leɓe don kada mu ji nishinsa. Da wani ya gaya mana abin da zan gaya muku yanzu, da bai sha wannan wahala ba.

> AKWATIN KALMOMI
> Gyambon kwanciya: raunin da ke fitowa inda ƙashi ya daɗe yana danne fata a kan shimfiɗa, har jini ya kasa isa wurin, naman ya mutu.

Mai lafiya yana juyi cikin barci ba tare da ya sani ba. Wanda jikinsa ya shanye ba ya iyawa, sai an juya shi. Wuraren da gyambon ya fi fitowa su ne ƙasan gadon baya, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa da ƙeya. A jikin farar fata wurin ja yake yi, amma a irin fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Duhu za ku nema, ko ƙyalli, ko tauri, ko ɗumin da ya bambanta da na kewaye. Ku duba kullum lokacin wanka, da haske sosai. Idan kun gani, kada ku murza wurin, kada ku sa toka ko man zafi. Ku ɗauke nauyin jiki daga kansa gaba ɗaya, ku nuna wa ma'aikacin lafiya.

Rigakafinsa shi ne a juya mai jiki duk bayan awa biyu: dama, rigingine, hagu. A sa filo tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani ƙarƙashin ƙwabrinsa don dunduniya ta tashi daga katifa. Zanen gado ya zama busasshe, a miƙe, babu tattarewa, babu ɓurɓushin abinci. Fitsari ko bayan gida da ya daɗe a jiki yana cin fata, saboda haka a sauya famfas ko zani da zarar ya jiƙe. Idan an shimfiɗa leda don kare katifa, a ɗora zanen auduga a kanta.

Wajen juyawa, a ninka zani mai ƙarfi a sa ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. Mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwoyinsa, ya bar bayansa a miƙe, in ba haka ba nan da wata uku gidan zai zama da majinyata biyu.

*Misali na lissafi:* Kwana ɗaya awa 24 ne. Idan ana juyi duk awa 2, to 24 ÷ 2 = sau 12. A cikinsu akwai na ƙarfe 12 na dare, da na 2, da na 4. Mutum ɗaya da zai tashi waɗannan lokuta uku kowane dare, sannan ya wuni yana girki da wanki, ba zai kai mako biyu a tsaye ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa dare sai an yi karɓa-karɓa.

Wajen cin abinci, a zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a bar shi a zaune kamar minti 30 bayan ya gama. Idan yana yawan ƙwarewa ko tari a kan abinci, a gaya wa likita. Kuma kada a bar zuwa gashin ƙashi don an ga sauƙin yana zuwa a hankali, haka yake zuwa.

Akwai kuma maganar kunya. Bai dace a bar wa suruka wankan mahaifin mijinta ba alhali 'ya'yansa maza suna raye. Tsohon yakan ƙi cin abinci, ya ƙi shan ruwa, don kada ya buƙaci fo a gabanta. Maza su ɗauki wankan mahaifinsu da tsarkinsa, mata su ɗauki na mahaifiyarsu, a rufe ƙofa, a suturta abin da ba a wankewa a lokacin. A taimaka masa ya yi alwala ko taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance. Batun azumi kuma, musamman ga mai ciwon suga, a tambayi likita, a tambayi malami a kan ciyarwa.

4. Gigin tsufa

> AKWATIN KALMOMI
> Gigin tsufa: ciwon ƙwaƙwalwa da ke cin tunani sannu a hankali, cikin watanni da shekaru, har mutum ya kasa gudanar da abin da ya saba.

Kowa yakan manta inda ya ajiye carbi. Amma idan tsohuwa ta fara ɓata a unguwar da ta yi shekara 50 a cikinta, ko ta ci abinci ta ce an hana ta, ko ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya rasu tun tana budurwa, wannan ya wuce mantuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira cutar Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya bayyana ta a 1906. Shanyewar ɓarin jiki ma tana iya jawo wani nau'in.

Rikicin yakan ƙaru da yamma, wajen magariba, shi ya sa wasu ke cewa iska ce. Wasu ma har su jefi tsohuwa da maita don ta fita da dare tana surutai. Wannan zalunci ne a kan mara lafiya, kuma duk wanda ya karanta wannan darasi wajibi ne ya tsaya mata idan ya ji ana faɗa.

*Misali:* Inna ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin filo ta manta. Da hantsi ta ce da matar ɗanta, "Ke kika ɗauke mini kuɗi." Idan surukar ta ce, "Haba Inna, ni ce ɓarauniya?" rigima ta tashi, a wuni ana kuka. Idan kuwa ta ce, "Ayya Inna, sun ɓace? Bari mu duba tare," sai a ɗaga filo a gani, magana ta mutu. Gardama ba ta gyara ƙwaƙwalwar da ke ciwo. Amma maganar tana da zafi a zuciyar wadda aka zarga, saboda haka mijinta ya gaya mata a fili, ya kuma gaya wa 'yan'uwansa, cewa kowa ya san ciwo ne ke magana.

Haka idan Baba ya ɗauki sandarsa da magariba ya ce zai tafi gida, alhali a gidansa yake. Ku ce, "To Baba, bari mu yi salla tukuna," ku zauna da shi, ku tambaye shi labarin garinsu. Ku sa takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa, ku sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi.

Ga abin da ba a so a rikita. Idan tsoho lafiyarsa lau jiya, yau kuma ya tashi bai san inda yake ba, ko yana barcin da ya wuce kima, wannan rikicewa ce ta farat ɗaya, kuma yawanci akwai ciwon jiki a ƙarƙashinta: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, ko faɗuwar suga. Tana iya warkewa idan an yi sauri, don haka a kai shi asibiti a ranar.

5. Haɗura uku a cikin gida

Faɗuwa ta fi yawa a hanyar banɗaki da dare. A kawar da buta da bakin tabarma daga hanya, a ajiye tocila kusa da hannunsa, a lura da dokin ƙofa. Wanda tsugunno ya gagare shi, kafinta zai iya yi masa kujera mai rami. Idan ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a yi hoto a asibiti kafin a yi maganar ɗori.

Lokacin bazara tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an riƙa miƙa masa ruwa. Lokacin hunturu kuma kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.

6. Gajiyar mai jinya da rabon aiki

> AKWATIN KALMOMI
> Gajiyar jinya: halin da mai jinya ke shiga idan ɗawainiya ta yi tsawo babu hutu, har jikinsa da zuciyarsa su fara gazawa.

Alamunta su ne rashin barci ko da an samu dama, ciwon kai da na baya, saurin fushi, kuka ba dalili, daina zuwa biki da suna, da sakin sana'a. Wata takan daka wa mahaifiyarta tsawa, sannan ta koma ɗaki tana kuka tana ganin ta zama 'yar wuta. Idan kin kai nan, 'yar'uwa, jikinki ne ya gaji, ki faɗa da bakinki, ki nemi a karɓe ki. Ki je a auna naki jinin ke ma. Idan baƙin cikin ya ƙi tafiya, ko kika ji rayuwa ta fita daga ranki, ki ga likita, kada ki ɓoye.

Haƙuri muna yaba shi, amma sau da yawa da kalmar "a yi haƙuri" 'yan'uwa suke zame jikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kira taron gida, a sa kawu ko gwaggo da kowa ke jin nauyinsa ya zauna a tsakiya, na nesa a kira su a waya. A bar mai jiki ya faɗi abin da yake so matuƙar yana iyawa. A rubuta abin da aka yanke.

*Misali na lissafi:* A ce 'ya'yan Hajiya biyar ne, kuma a wata ana kashe naira 18,000 a magani, 30,000 a famfas, 8,000 a motar asibiti, 14,000 a abincinta, 20,000 ga mai taya wanki. Waɗannan lambobi na koyo ne, kowane gida ya sa nasa. Jimla 90,000. Wadda ke jinya ba za a karɓi ko kwabo a hannunta ba, ta riga ta ba da lokacinta da sana'arta. Saura huɗu: 90,000 ÷ 4 = 22,500. Idan ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, Yaya Babba ya ba da 40,000, biyu su ba da 20,000 kowanne, Auta ya ba da 10,000 ya kuma ɗauki kwana biyu a mako. A ware wa mai jinya wuni guda cur kowane mako, ta fita, ta je gidan ƙawarta ko Islamiyya. Jikar da ke makaranta kuma a bar ta a makaranta.

A waje ma akwai inda za a nufa. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya isa awon jini da na suga. Manyan matsaloli ana tura su irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, karaya kuma Asibitin Ƙashi na Dala. Gigin tsufa ana duba shi a asibitocin ƙwaƙwalwa kamar na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a Najeriya, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman. Ku je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku ku tambayi yadda ake yi wa tsoho rajista.

Maƙwabci kuma, idan ka tashi dubiya, ka ce da mai jinya, "Je ki kwanta, zan zauna da Baba har la'asar."

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin mai jiki da mai jinya a wannan darasi?
2. Waɗanne lambobi ne ke nuna hawan jini? Me ya sa ba a daina shan maganinsa?
3. Kawo alamu uku na shanyewar ɓarin jiki. Me ya sa ba a ɗura wa mutum komai a baki a lokacin?
4. Yaya farkon gyambon kwanciya yake a irin fatarmu? Ambaci wurare biyar da za ka duba.
5. An juya Baba da ƙarfe 6 na safe. Rubuta lokutan juyi har zuwa ƙarfe 6 na yamma.
6. Inna ta ce ba a ba ta abinci ba, alhali yanzu ta gama ci. Me za ki ce mata?
7. Ta yaya za ka bambance gigin tsufa da rikicewar farat ɗaya?
8. Ana kashe naira 72,000 a wata a jinyar Baba. 'Ya'yansa huɗu ne, ɗaya ce ke jinya. Nawa kowanne daga cikin sauran zai bayar idan an raba daidai?
9. Aikin gida: ka ziyarci wani mai jinya a unguwarku, ka tambaye shi aikin da ya fi ba shi wahala, ka zo aji da shawarar yadda za a rage masa. Kada ka ambaci sunansa.